Wayoyi Biyar a Bangon Zamfira

Ana jibi Kirsimeti Zamfira ta farka ta ji hancinta kamar ba a jikinta yake ba. Ta fito da hannu daga bargo ta laluba ƙarfen ɗumama ɗaki da ke gefen gado, ta ji shi sanyi ƙalau. Ta diro ba ko takalmi, ta nufi falo inda aka ajiye gadon mijinta.

Toader na kwance ido biyu, numfashinsa na fita da ɗan hayaƙi.

Shekara talatin da wani abu ya yi yana aikin lantarki a garin Sibiu, kusan rabin gidajen unguwarsu shi ya ja musu waya. Da kakar bana ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar bayi, ɓarinsa na dama ya shanye. A asibiti kuma ciwon huhu ya kama shi, da ƙyar aka ceto shi. Ranar da za a sallame su likitar ta ja Zamfira gefe ta ce mata, "Duk abin da za ki yi, kada sanyi ya shige shi. Ƙirjin nan ba zai ɗauki na biyu ba."

Hankalinsa garau yake, amma maganarsa ta rikice. Sai ya so ruwa ya ce takalmi. Sai ya ce a'a alhali i yake nufi, wani lokaci har kansa ya girgiza ba daidai ba. In ya ga ba a gane ba, ya daki hannun kujera da hagunsa har jijiyar wuyansa ta tashi.

Ta jibga masa barguna, ta jawo 'yar hitar lantarki ta kunna kusa da ƙafarsa, sannan ta fita lungun da ke tsakanin ɗakuna. Can a bango akwai na'urar da ke daidaita ɗumin gidan, ita ke gaya wa tukunyar gas da ke kicin lokacin da za ta kunna da lokacin da za ta huta. Fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Zamfira ta danna, ta bubbuga, shiru.

Ta kira kamfanin masu gyara. Wani mutum ya ɗauka, muryarsa duk gajiya.

"Uwargida, ki buɗe famfo. Ruwan zafi na zuwa?"

"Yana zuwa."

"To tukunyarki lafiyarta lau. Ta bangon ce ta mutu. Sai dai ki yi haƙuri, duk ma'aikatana suna waje, waɗanda suka rage sun tafi ƙauye hutu. Sai bayan sabuwar shekara."

"Ina da majinyaci a gida."

"Kowa ya kira yau haka yake ce mini. Abu guda zan gaya miki, kada ki bar wani ɗan karambani ya jagwalgwala wayoyin nan. In aka haɗa wayar wuta da wadda ta tafi tukunya, ƙwaƙwalwar tukunyar za ta ƙone ƙurmus. Daga nan ko ruwan zafin ma kin rasa."

Ta ajiye salular, ta tsaya tana kallon dusar ƙanƙara da ta taru a baranda. A hawa na huɗu suke, benen babu lif, sai matakala. Ranar da aka dawo da Toader, maza uku ne suka hau da shi suna nishi. 'Yarsu Ruxandra na can Italiya tana aiki, ba za ta iso ba sai bayan biki. 'Yar hitar nan kuwa ƙafa kawai take ɗumamawa, sauran gidan yana ta ƙara hucewa.

Sai ta ji bugu daga falo. Toader ne ke dukan ƙarfen gado, yana nuna kabad ɗin da ke bayan ƙofa.

"Burodi," ya ce. "Burodi!"

"Yunwa kake ji?"

Ya rintse ido don takaici, ya sake nunawa. Ta buɗe kabad ɗin. A saman jakar kayan aikinsa akwai wani kwali da ba a taɓa buɗewa ba. Sai a lokacin ta tuna. Sabuwar na'ura ce da ya sayo kafin ya faɗi, irin mai kula da ɗumi da sanyi duka, don bara Ruxandra ta sa an kafa musu na'urar sanyaya falo saboda zafin rani. Kullum cewa yake Asabar mai zuwa zai ɗaura ta.

Ta juyo da kwalin a hannu. Ya nuna ta da yatsa.

"Ni?" Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Tsohon nan, kanka ɗaya? Tunda na aure ka ko ƙwan fitila ba ka taɓa barina na canja ba. Ni tela ce. Allura na sani."

Bai ɗauke yatsan ba. Sannan tari ya sarƙe shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ya daɗe bai sake shi ba. Tana tsaye tana sauraro har ya lafa. Ta ajiye kwalin a kan tebur, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarta.

Aurica bazawara ce, ƙatuwa, mai yawan surutu. Ta fito hannunta duk kabeji, tana cikin naɗe sarmale na biki, wato nama da shinkafa a ganyen kabeji. Da ta ji abin da ake ciki sai ta dafe ƙirji.

"Ke maƙwabciya, kin gaji da duniya ne? Ƙanin mijina haka ya taɓa waya a gona, aka tsince shi gashinsa a tsaye."

"Tocila kawai za ki riƙe mini."

"In kika maƙale ni dai ba zan taɓa ki ba, na gaya miki tun yanzu."

Amma ta goge hannu ta biyo ta. Suka ɗaga Toader su biyu suka sa shi a kekensa na majinyata, suka naɗe shi da barguna da hular ulu, suka turo shi lungun, daidai ƙarƙashin na'urar.

Akwatin makunnan wuta na saman ƙofar shigowa. Zamfira ta hau kujera ta buɗe. Makunnai ne jere, babu wanda aka rubuta wa komai, don mai gidan duk a kansa ya riƙe su. Ta sauke na farko, firji ya yi shiru. Ta mayar. Ta sauke na biyu, fitilar lungun ta mutu.

"Yawwa," in ji Aurica. "An samu."

Zamfira ta sauko ta ɗauki sukudireba ta ɓalle murfin tsohuwar na'urar. Tana shirin kai ƙarfen kan sukurun farko, Toader ya daki keken da ƙarfin da ya sa ta zabura.

"Taɓa!" ya ce. "Taɓa, taɓa!"

"Cewa yake ki taɓa," in ji Aurica.

Zamfira ta dubi fuskarsa. Idanunsa sun fito, hagunsa na miƙe wajen jakar kayan aiki. Ta kai masa jakar kan cinya. Ya tona ya tona, ya fito da testa, 'yar sukudireba mai ƙwan wuta a ciki. Ta sha ganin yadda yake yi da ita. Ta ɗora babban yatsa a gindinta, ta kai bakin kan sukurun da ta so ta kwance.

Ƙwan ya kama, ja wur.

Ta janye hannu da sauri. Aurica ta yi alamar gicciye har sau uku tana kiran sunan Ubangiji. Ashe ba daga layin fitilar lungun Toader ya jawo wa na'urar wuta ba.

"Duka zan kashe," in ji Zamfira.

Ta sake hawa kujera ta sauke babban makunni. Gidan ya yi tsit. Daga falo ta ji 'yar hitar ta yi ƙas ta mutu, ita ce ɗan ɗumin da ya rage musu. Ta sake gwada testa a kan kowane sukuru, ta maimaita. Babu wuta.

Ta fara kwancewa. Niyyarta ta cire waya ɗaya ta sa a sabuwar, sannan ta cire ta gaba, don kada ta rikice. Amma yatsunta sun ƙage, sukurorin kuma sun daɗe a wurin. Tana ta murɗawa, Aurica na haska mata tana ba ta labarin farashin kabeji. Can sukudirebar ta zame, gwiwar hannunta ta daki tocilar, Aurica ta yi baya ta cafko na'urar don kada ta faɗi. Tsohuwar roba ce, ta ɓalle daga bango gaba ɗaya ta biyo hannunta.

Suka tsaya suna kallon ramin. Wayoyi biyar ne suka leƙo, kowacce ta kama gabanta. Akwai ruwan ƙasa, akwai shuɗiya, da baƙa, da ruwan toka, sai wata ja da aka naɗe bakinta da salatif aka tura can ciki.

"Wayyo ni," in ji Aurica. "Ba da gangan na yi ba."

 Zamfira ta ɗauko takardar da ke cikin kwali ta sa tabarau. Zane ne da haruffa ƙanana kamar tururuwa, an nuna ramukan na'urar, amma ba a ce wace kala za ta shiga ina ba. Maganar mutumin kamfani ta dawo mata, ƙurmus.

Ta ɗora gindin sabuwar na'urar a cinyar mijinta, ta nuna ramin farko.

"Wace ce za ta shiga nan?"

"Shuɗiya," ya ce.

Ta kama shuɗiyar. Ya daki keke.

"Ba ita ba? To wace?"

"Shuɗiya! Shuɗiya!"

"Ga ta a hannuna, Toader!"

"A'a. I. A'a." Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da wata kalma da ta ƙi fitowa, miyau ya zubo masa a haɓa. Sai ya kawar da kai wajen bango, kafaɗarsa ta hagu na rawa. Tunda ya kwanta ba ta ga ya yi kuka ba sai ranar.

"Maƙwabciya, ki bari haka," Aurica ta ce da murya ƙasa ƙasa. "Mu kai shi wurina. In kwantar da shi a falona."

Zamfira ta san gidan Aurica. Ɗaki ɗaya take ɗumamawa don tsimi, tagoginta na shigo da iska, ga jikokinta na zuwa gobe, biyu a cikinsu da mura. Ta goge wa mijinta haɓa da gefen zanen wuyanta. Kumatunsa sun yi sanyi, leɓensa ya fara canja kala. Ta riƙe hagunsa don ta ɗumama shi, sai ta ji ya damƙe ta da ƙarfi, irin damƙar da ta sani tun suna matasa. Hannun nan bai taɓa rikicewa ba. In ta kawo masa abin da yake so, shi ke fara miƙewa kafin baki ya ɓata zancen.

"Tsaya," ta ce. "Kada ka ƙara cewa komai. Ka ji ni? Rufe bakin nan, ya ishe mu."

Ta ɗora yatsarta a ramin farko ya gani. Ta ba shi wuyan hannunta na hagu ya riƙe. Da damanta ta miƙa tana taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, Aurica na haskawa.

"In na zo kan wadda ta dace, ka matse ni."

Ta taɓa shuɗiya, shiru. Ta taɓa baƙa, shiru. Tana taɓa ruwan ƙasa ya matse ta har sai da ta ji zafi.

Ba ta yarda ba tukuna. Ta sake bi, wannan karon ta faro daga wani gefen. Ya sake matsewa a kan ruwan ƙasa. Ta nuna rami na biyu, ya matse a kan shuɗiya, ta sake gwadawa, ya sake matsewa a kanta. Da ta taɓa jar nan mai salatif, ture hannunta ya yi gaba ɗaya.

"Ta sanyin rani ce?" ta tambaya, don ta tuna ranar da ya jawo ta daga falo. Ya matse. Ta mayar da ita cikin rami yadda ta same ta.

Saura biyu, saura ramuka biyu, kuma su ne masu tafiya tukunya. Ta nuna rami na uku. Ya matse a kan baƙa. Ta sake bi, sai ya matse a kan ruwan toka.

Ta dube shi.

"Toader, ka natsu. Mu sake."

Ta taɓa baƙa, ya matse. Ta taɓa ruwan toka, ya matse.

"Shi ke nan," in ji Aurica. "Hannun ma ya bi bakin."

Zamfira ta dubi wayoyin. In hannun ya rikice yanzu, wa ya sani ko tun farko a rikice yake? Wataƙila ruwan ƙasar da shuɗiyar ma ba daidai ba ne. Hasken da ke shigowa ta ƙofar kicin ya fara raguwa, ranar hunturu ba ta daɗewa. Toader ya sake yin tari, ta tsaya cak har ya gama.

Ya saki hannunta. Ya ɗaga tafinsa ya kife, ya buɗe, ya kife, ya buɗe. Ya ɗage kafaɗa. Ya haɗiye miyau, ya tattaro duk ƙarfinsa.

"Duk... ɗaya."

"Duk ɗaya? Kowace ta shiga ko'ina?"

Ya kama hannunta ya matse.

"Ke dai kin san in ya ce fari baƙi yake nufi," in ji Aurica.

Zamfira ta durƙusa ta dubi idonsa. Babu firgicin da ta gani ɗazu da ta kusa taɓa wuta. Abin da ke ciki ƙosawa ce, irin kallon da yake mata in ta tsaya zaɓen tumatir a kasuwa alhali duk kwando ɗaya ne. Ta miƙe ta ɗauki sukudireba.

Ta zura wayoyin ta bayan gindin na'urar, ta ɗaure shi a bango. Ta murɗa bakin kowace waya kamar yadda ake yi wa zare kafin a sa a allura, ta tura a raminta, ta ɗaure sukuru. Ruwan ƙasa, shuɗiya, baƙa, ruwan toka. Shuɗiyar ta zame sau biyu don yatsunta ba sa ji. Ta hura musu iska ta sake. Da ta gama ta karɓi tocila ta haska masa ya gani da kyau. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna murfi. Ta danna shi ya shiga.

Ta hau kujera ta ɗora yatsa a babban makunni, ta kasa ɗagawa.

"Aurica, je ki tsaya a kicin. In kika ji ƙauri ki yi ihu."

"In na ji ƙauri a ƙasan bene za ki same ni."

Zamfira ta rufe ido ta ɗaga. Firji ya yi gurnani, fitilar lungun ta kawo. Babu ƙara, babu tartsatsi. Fuskar sabuwar na'urar ta haska, lambobi suka fito.

"Tukunya fa?" ta ƙwala.

"Fitilarta na nan," in ji Aurica daga kicin. "Amma ba ta ce komai ba."

Suka jira. Zamfira ta je ta kara kunne a jikin tukunyar, ta shinshina, ta dawo. A jikin na'urar ta danna kibiyar da ke kallon sama har lambar ta kai ƙarshe. Shiru.  Ta ƙona ta, ta tabbata ta ƙona ta, ƙonuwar cikin gida wadda ba a jin ƙaurinta. Ta fara lissafin wa za ta roƙa a benen nan ya taya ta sauke mutum hawa huɗu a kan ƙanƙara.

Toader ya ja ta ta gefen riga. Yana nuna fuskar na'urar, can kusurwar sama. Ta gyara tabarau ta matsa. Wani ɗan zane ne kamar tauraro mai rassa, irin ƙwayar ƙanƙarar da yara ke yankawa da takarda su manna a taga.

"Sanyi," ta ce. "A kan sanyi take! Ta ɗauka rani ake yi!"

Akwai maɓalli ɗaya a ƙasa da ba ta taɓa ba. Ta dube shi, ya matse hannun keke. Ta danna. Ƙanƙarar ta ɓace, ɗan harshen wuta ya fito a wurinta. Na'urar ta yi ƙas.

Daga kicin babu komai. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga tafinsa ya tsayar da ita. Sai fankar tukunyar ta taso, aka ji ƙyas ƙyas ƙyas, sannan wuf.

"Ta kama!" Aurica ta fito da gudu. "Wallahi ta kama, maƙwabciya!"

Zamfira ta zame ta zauna a ƙasa daɓas, sukudireba na hannunta har yanzu. 

Kafin duhu ya yi gidan ya fara ɗaukar ɗumi. Suka mayar da Toader gado, ta ba shi shayi mai zuma da cokali. Aurica ta koma ta dawo da kwanon sarmale, ta zauna ta ci rabi tana ba da labarin yadda ita ce ta ce a kashe babban makunni. Ruxandra ta kira da yamma, da ta ji abin da aka yi sai ta hau faɗa tana kuka, "Mama, da kin mutu fa? Wa zai kula da Baba?" Zamfira ta bar ta ta gama.

Sanyin da ya sha a lungun bai bar shi haka ba. Tarin ya ƙaru, ranar Kirsimeti jikinsa ya yi ɗan zafi, Zamfira ta wuni da ma'aunin zafi a aljihu. Ma'aikaciyar jinya ta zo washegari ta saurari ƙirjinsa, ta ce mura ce, ba ta sauka huhu ba. Duk da haka hankalin Zamfira bai kwanta ba. Ko ina za ta a gidan sai ta ratse ta lungun, ta ɗora tafi a bango kusa da na'urar ta ji ko ya yi zafi, ta kai hanci ta shinshina.

Bayan sabuwar shekara mai gyara ya zo, wani mai furfura da ya san Toader tun suna aiki tare a masana'anta. Ya gaishe shi, ya kashe wuta, ya ɓalle murfin. Ya bi wayoyin da yatsa yana jan kowace a hankali. Da ya zo kan shuɗiya, sai ta motsa.

"Wannan ba ta ɗauru ba," ya ce. "Da an daɗe haka da ta fara ɗaukar zafi."

Zamfira ta matso kusa.

Ya kai sukudireba zai ɗaure, ta riƙe masa hannu.

"Malam, ba ni. Ka tsaya ka gaya mini in ya isa."

Ya miƙa mata. Ta gyara tabarau, ta tura wayar har ƙarshe, ta fara murɗawa.

"Ƙara," ya ce. "Ƙara kaɗan. To, ja ta mu gani."

Ta ja. Ba ta motsa ba.